JIRGIN KANAL A INGILA: SAYENSA RANA ƊAYA, RIƘONSA KULLUM

A wannan fitowa za mu kai ku ƙasar Ingila, mu duba wani irin gida mai tafiya bisa ruwa. Jirgi ne na ƙarfe, dogo, siriri, mai ɗakin kwana da madafa da makewayi a cikinsa. Dubban mutane suna da irinsa. Waɗansu lokacin hutu kawai suke shigarsa. Waɗansu kuwa ba su da wani gida sai shi. A ciki suke kwana, a ciki suke tashi, shekara ta zagayo ta same su a nan.

Wanda ya hango jirgin yana tafe a hankali tsakanin gonaki, ya sha fenti kore da ja, sai ya ce mai shi ya huta. Amma mai shi ya san abin da yake ciki. Gidan ƙasa, in an yi sakaci da shi, yoyo zai yi. Jirgi kuwa, in an yi sakaci da shi, nutsewa zai yi da dukiyar mutum, wani lokaci har da rai. Kanal ba shi da igiyar ruwa irin ta teku. Abin da ke halaka jirgi a cikinsa ƙananan abubuwa ne: tsatsa, ɗigon ruwa, murfin da ba a ɗaure ba, bututun hayaƙi da ya toshe. Su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

MENE NE KANAL?

Wanda ya taɓa ganin kanal na ban ruwa a Ƙonni ko a Jiratawa ya san kalmar. Na Ingila ya fi waɗannan faɗi da zurfi, kuma domin sufuri aka haƙa shi. A shekarar 1761 aka buɗe kanal na Bridgewater, don a kai gawayin ƙasa, wato kwal, daga ramukan haƙarsa zuwa birnin Manchesta. James Brindley na cikin manyan injiniyoyin aikin. Da jirage suka fara isa da kaya, sai kuɗin kwal a birnin ya faɗi da wajen rabi. Dalili kuwa, doki guda da ke tafiya a gaɓa, yana jan jirgi da igiya, yana iya jan kayan da ya kai tan 30. A bisa hanyar ƙasa ba zai iya ko kusa da haka ba.

Daga shekarar 1830 jirgin ƙasa ya fara ƙwace wa kanal ciniki. Ladan masu jirage ya ragu. Da yawa suka bar gidajen haya, suka kwashe iyalansu suka koma cikin ɗan ƙaramin ɗakin da ke bayan jirgi. Daga baya manyan motoci suka ƙara tsananta abin. A hunturun 1962 zuwa 1963 ruwan kanal ya daskare, jirage suka yi makonni da yawa ba su motsa ba, sufurin kaya ya kusa mutuwa ɗungum. Amma tun a 1946 waɗansu masu kishin kanal suka kafa ƙungiya don kada a bari hanyoyin su cike da laka. Ƙoƙarinsu ya sa aka gyara da yawa.

Tun daga shekarar 2012, wata hukuma mai suna Canal & River Trust ce ke riƙe da mafi yawan hanyoyin ruwan Ingila da Wales. Tsawonsu ya kai wajen kilometir 3,200. Jiragen da ke da rajista a wurinta sun wuce 30,000.

Faɗin irin wannan jirgi metir 2 ne da santimetir 8. Tsawonsa ba ya wuce metir 22, kuma da yawa ana ƙera su wajen metir 17 da rabi, don su iya bin kusan kowace hanya. Mutum na iya miƙa hannuwansa biyu a ciki ya kusa taɓa bango da bango. A baya ake tsayawa a tuƙa shi da wata doguwar sanda, a fili, ko ana ruwa ko ana sanyi.

TAKARDU UKU DA WURIN TSAYAWA

Kafin jirgi ya hau ruwa, dole mai shi ya riƙe takardu uku.

Ta farko, takardar izni daga hukumar kanal. Kuɗinta yana bin tsawon jirgi da faɗinsa. Na jirgi mai metir 17 ya wuce fam 1,000 a shekara, wato fiye da jika 700 na kuɗin sefa.

Ta biyu, takardar inshora, wadda za ta biya diyya in jirgin ya yi wa wani ɓarna. Hukumar ba ta karɓar wadda ba ta kai fam miliyan 2 ba.

Ta uku, takardar shaidar lafiyar jirgi. Kowace shekara 4 wani masani yakan zo ya duba bututun gaz, wayoyin lantarki, tankin mai, murhu, kafofin shigar iska da kayan kashe gobara. In ya ga aibi, ba zai sa hannu ba sai an gyara.

Bayan takardu, sai batun wurin tsayawa. Mai hali yakan kama wuri na dindindin, yana biyan haya. A birnin Landan wannan haya tana da tsada ƙwarai, kuma wuraren ba su wadata ba. Wanda bai kama wuri ba, doka ta 1995 ta yarda masa ya riƙa yawo, amma da sharaɗi: kada ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, sai da dalili mai ƙarfi. Ma'aikatan hukuma suna bin gaɓa suna rubuta lambar kowane jirgi da inda suka gan shi. Wanda bai yi tafiya ta kirki ba, ana iya hana shi sabunta izni. Tun daga 2024 kuma an ƙara wa masu yawo kuɗin izni fiye da na masu mazauni.

Mu duba abin da wannan ke nufi ga mai iyali. Kowane mako biyu ƙofar gidansa tana wani wuri dabam. Wurin aikinsa kuwa da makarantar ƴaƴansa suna nan inda suke. Wasiƙa ba ta san inda za ta same shi ba, sai ya ari adireshin wani ɗan uwa. Tsadar hayar gida ta tura mutane da yawa zama cikin jirgi, musamman a Landan. Waɗanda suka shiga ba tare da sun yi wannan lissafi ba sun sha wuya.

TSATSA, BABBAR ABOKIYAR GABA

Ƙarfe da ruwa da iska, in sun haɗu, tsatsa suke haifarwa. Jirgi kuwa dare da rana yana cikin ruwa. Yawancin jiragen yanzu, kaurin ƙarfen gindinsu milimetir 10 ne, na gefe milimetir 6, na rufi milimetir 4. Ke nan abin da ya raba mai barci da ruwan kanal bai kai kaurin ɗan yatsa ba.

Don haka kowace shekara 2 ko 3 ake fitar da jirgi daga ruwa. A wanke jikinsa da ruwa mai ƙarfi, a kankare gansakuka da tsatsa, a bar shi ya bushe sarai. Sa'an nan a shafa masa baƙin fenti na kwalta, shafi biyu ko uku, kowane shafi sai ya bushe kafin a ɗora wani. Aikin yakan ci kusan mako guda. Wanda ya yi gaggawa ya shafa kwalta bisa ƙarfe mai danshi ya yi asarar kuɗinsa, don za ta ɓare. Akwai wani fenti na zamani da ake haɗa ruwa biyu kafin a shafa. Ya fi tsada, amma ya fi daɗewa. Inda tsatsa ta fi ci shi ne daidai bakin ruwa, wurin da ƙarfe ke jiƙewa yana bushewa.

Akwai kuma wata dabara. Ana liƙa dunƙulen wani ƙarfe mai suna magnesiyom a gaba da bayan jirgi, ƙarƙashin ruwa. Wannan ƙarfe ya fi na jirgi saurin ciyuwa. Saboda haka shi ke narkewa a hankali, ƙarfen da ke kusa da shi ya tsira. Muna iya kiransa ƙarfen fansa. Duk lokacin da aka fitar da jirgi sai a duba shi. In ya cinye da yawa, a liƙa sabo.

Tsatsa tana ci ta ciki ma. Ganyen itatuwa yakan toshe magudanun ruwan sama da ke bayan jirgi. Ruwa ya rasa hanyar fita, ya gangara ƙarƙashin inji ya kwanta. Taga mai yoyo ita ma tana zuba ruwa a bayan katakon bango, inda ido ba ya gani. Mai jirgi mai hankali yakan ɗaga daɓe lokaci lokaci, ya haska fitila, ya tabbatar gindin jirginsa a bushe yake.

ƘOFOFI BIYU DA RUWA KE NEMA

Inji yana cikin jirgi, farfela tana waje cikin ruwa. Sandar ƙarfe ce ta haɗa su, kuma dole ta huda jikin jirgi ta fita. Wannan huda ita ce ƙofa ta farko da ruwa ke nema. A yawancin jirage ana cusa wata igiya mai maiƙo kewaye da sandar, a matse ta da noti. Kusa da wurin akwai ɗan gwangwanin giris mai abin murɗawa. Duk ranar da aka yi tafiya, da yamma sai a murɗa shi har ya yi tauri, giris ya cike kafar. Ɗigo kaɗan ba laifi ba ne. In ɗigon ya yawaita, a ƙara matse notin kaɗan, ko a sake igiyar. In kuma an matse fiye da kima, sandar za ta yi zafi ta ci kanta.

Ruwan da ya ɗiga yana taruwa a ƙasa, wani ƙaramin pampo mai aiki da batir yana fitar da shi. To, a nan haɗarin yake. Mai jirgi ya yi tafiyar wata biyu, ya dogara ga pampo. Batir ya mutu, pampo ya tsaya, ɗigo bai tsaya ba. Da haka jirgi ke cika a hankali har bayansa ya nutse.

Ƙofa ta biyu tana bisa farfela. Kanal yana ɗauke da shara: leda, igiya, tsummoki, waya, har tayar mota. Suna naɗe farfela, jirgi ya rasa ƙarfi, inji ya fara baƙin hayaƙi. Saboda haka aka yi wata ƴar taga mai murfi daidai saman farfela, a cikin jirgi. Mai jirgi yakan kashe inji, ya zare makulli ya sa a aljihu, don kada wani ya tada injin hannunsa na ciki. Sa'an nan ya buɗe murfin, ya zura hannu cikin ruwan sanyi, ya yanke abin da ya naɗe. In ya gama, dole ya mai da murfin ya ɗaure shi tam. Wanda ya manta, da zarar farfela ta juya sai ta riƙa watsa ruwa cikin ɗakin inji. An sha ganin jirage sun nutse saboda wannan mantuwa kaɗai.

INJI DA WUTAR LANTARKI

Injin jirgin kanal na gazuwal ne, ɗan uwan injin niƙa da injin ban ruwa da muka sani. Yana shan litir 1 zuwa 1 da rabi a awa guda. Kafin a tada shi da safe ana duba abu uku: baƙin mai, ruwan sanyaya inji, da bel. Ana yi masa juyen mai tare da sake matatar mai bayan wajen awa 250 na aiki, ko sau ɗaya a shekara ko da bai kai ba.

Babbar cutar wannan inji ita ce ruwa a cikin gazuwal. In tanki ba a cike yake ba, iskar da ke cikinsa takan yi raɓa a jikin ƙarfe da dare. Raɓar ta gangara ta kwanta ƙarƙashin mai, don ruwa ya fi mai nauyi. A tsakanin ruwan da man waɗansu ƙwayoyin halitta suke tsirowa, su zama baƙin yauƙi. Yauƙin nan ya toshe matata, inji ya mutu ana cikin tafiya. Maganin abin shi ne a cika tanki kafin a ajiye jirgi lokacin sanyi, a riƙa tsiyaye ruwan da ya kwanta, a kuma duba robar murfin tanki kada ruwan sama ya shiga. Duk mai injin gazuwal a cikinmu yana iya amfani da wannan shawara.

Wutar lantarkin jirgi daga batir take fitowa. Ana ware guda ɗaya domin tada inji kawai, sauran kuma domin fitila, pampon ruwa da firij. Batir irin na mota, in ana shanye shi fiye da rabi kullum, ba ya daɗewa. Inji ne ke cika shi, ko faranti mai tara hasken rana da ake shimfiɗawa bisa rufi. A watannin zafi farantin yana wadatarwa. A watan Disamba kuwa ranar Ingila gajera ce, hasken ba ya kai awa 8, kuma sau da yawa gajimare ya rufe ta. Sai a koma ga inji. Amma ƙa'ida ta hana mai jirgin da ke tsaye ya kunna inji daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe, don kada ya dami maƙwabta.

RUWAN SHA DA BAHAYA

Jirgi yana bisa ruwa, amma ba a shan ruwan kanal. Akwai tanki a gaban jirgi mai cin litir ɗari huɗu ko fiye, wato kamar tano biyu zuwa huɗu. Hukuma ta kafa pampuna a wurare dabam dabam a gaɓa. In ruwa ya kusa ƙarewa, gidan gaba ɗaya ake tuƙawa zuwa bakin pampo. Wani lokaci a tarar da layi. Shi ya sa mai zama cikin jirgi ya san kimar kowane litir: ya jiƙa jiki, ya rufe pampo, ya shafa sabulu, sa'an nan ya ɗauraye.

Tsabtar tiyon ɗibar ruwa wajibi ce. Ba a barin bakinsa ya taɓa ƙasa ko ya faɗa cikin kanal. Kafin a zura shi cikin tanki, ana barin ruwa ya zuba na ɗan lokaci, don tsohon ruwan da ya kwana a ciki ya fita. Tankin kansa yana son a wanke shi da magani sau ɗaya a shekara.

Batun bahaya kuwa, an hana zuba shi cikin kanal. Makewayin jirgi iri biyu ne aka fi sani. Na farko yana da ƙaramin akwati a ƙasa, mai cin abin da bai wuce litir 20 ba. Mutum biyu suna cika shi cikin kwana biyu ko uku. Sai a zare shi, a ɗauka a hannu zuwa wurin da aka tanada, a juye, a wanke. Na biyu yana da babban tanki, wanda ake zuƙewa da inji bayan ƴan makonni, a biya kuɗi. Ko wane iri mutum ya zaɓa, shi zai yi ɗawainiyarsa. Kuma tiyon wanke akwatin bahaya dabam yake da na ruwan sha. Ba a haɗa su ko da wasa.

ISKA MAI KISA BA TA DA WARI

Hunturun Ingila yana da tsanani. Jirage da yawa suna da murhun ƙarfe mai ƙofa, ana zuba masa itace ko kwal, hayaƙi na fita ta bututu a rufi. Duk wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da wata iska mai guba, wadda masana ke kira karbon monoksid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga jini sai ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. Mai barci kuwa ba ya jin komai, sai dai a wayi gari a tarar da gawa.

Jirgi ƙaramin akwatin ƙarfe ne, gubar tana cika shi da sauri. An yi asarar rayuka ta wannan hanya. Shi ya sa tun daga watan Afrilu na 2019 ba a ba jirgi mai ɗaki takardar shaidar lafiya sai yana da na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iska. Bayan na'ura, ga abin da ake kiyayewa. A share bututun hayaƙi kafin sanyi ya shigo, a kuma maimaita a tsakiyarsa. Kada a toshe kafofin iska da tsumma don gudun sanyi. Kada a ajiye toka mai zafi a cikin ɗaki, domin tana ci gaba da fitar da guba. Kada a kunna janareto a cikin jirgi ko kusa da ƙofarsa.

Wannan gargaɗi ya shafe mu kai tsaye. Kaskon garwashi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin ɗari, irin wannan guba yake fitarwa. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai gaba ɗaya, a fitar da su waje su sha iska, a garzaya da su likita.

Gaz na girki shi ma yana da nasa hali. Ya fi iska nauyi. In ya zurare a cikin jirgi ba ya tashi sama, gangarawa yake yi ya kwanta a gindi, yana jiran tartsatsi. Don haka ake ajiye tukunyar gaz a cikin wani akwatin ƙarfe na musamman, mai huda a ƙasa wadda ke zubar da gaz waje. Wannan huda ba a barinta ta toshe.

CUTAR FITSARIN ƁERA

Ɓeraye suna zaune a gaɓar kanal, shanu kuma suna kiwo kusa da shi. Fitsarinsu yana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta da likitoci ke kira leptospiroz. Tana shiga jiki ta rauni, ta ido, ta hanci ko ta baki. Bayan kamar mako ɗaya zuwa biyu sai zazzaɓi, ciwon kai da ciwon tsoka su bayyana. In ta yi tsanani idanu su yi rawaya kamar na mai shawara, ƙoda ta kasa aiki. Tana da magani in an je da wuri. Shi ya sa mai jirgi ke rufe rauninsa kafin ya taɓa jiƙaƙƙiyar igiya ko ya zura hannu wurin farfela, ya kuma wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. In zazzaɓi ya kama shi, yakan gaya wa likita cewa ya taɓa ruwan kanal. Masu aiki cikin ruwan fadama da gonakin shinkafa su ma su riƙe wannan.

ZAUREN RUWA

Ruwan kanal a kwance yake, ƙasa kuwa tana da tudu da gangare. Yaya jirgi zai hau tudu? An gina wani abu mai kama da zaure: ɗaki ne dogo marar rufi, mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya. A buɗe ƙananan kafofi da wani lanƙwasasshen ƙarfe irin na tada injin niƙa. Ruwan sama ya kwararo, zauren ya cika, jirgi ya ɗago. Sai a buɗe ƙofar gaba ya wuce. In gangarawa za a yi, sai a zubar da ruwan. Faɗin ƙananan zaurukan nan ne ya sa jirgin ya zama siriri. Zauruka manya da ƙanana sun fi 1,500, kuma mafi yawa mai jirgi ne ke buɗewa da hannunsa. A Tardebigge, kudu da Birmingham, guda 30 ne a jere cikin abin da bai kai kilometir 4 ba.

Haɗarin zaure yana wurin dokin ƙofa. Ƙarƙashin ƙofar sama akwai wani tudun dutse da ruwa ke ɓoyewa. In ana gangarawa kuma jirgi ya matsa baya da yawa, gindinsa sai ya hau tudun ya maƙale. Ruwa na raguwa, gaban jirgi na dulmiya, cikin ƴan mintoci ya cika. An ja farin layi a bango don nuna inda tudun ya ƙare. Mai tuƙi ba ya ɗauke ido daga wannan layi. In ya ga alamar matsala, abin yi na farko shi ne a rufe dukan kafofin ruwa nan take.

Wucewa ɗaya yana iya zubar da ruwa fiye da litir 100,000 zuwa ƙasa. In an yi fari, madatsun da ke ciyar da kanal sukan ja baya. A shekarar 2022 an rufe zauruka a kanal na Leeds da Liverpool saboda ƙarancin ruwa. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma ana rufe waɗansu domin gyara. Mai jirgi dole ya san wannan tun da wuri, kada a rufe hanya tsakaninsa da pampon ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gudu kuwa an ƙayyade shi: kada a wuce wajen kilometir 6 a awa, kusan saurin mai tafiya a ƙasa. In za a wuce jiragen da ke ɗaure, sai a ƙara ragewa, don kada a girgiza su a tumɓuke turakunsu. Sannu ba ta hana zuwa.

JADAWALIN MAI JIRGI

In muka tattara abin da muka faɗa, ga yadda aikin yake rabuwa.

Kowace ranar tafiya: a duba mai da ruwan inji, a duba farfela, a ɗaure murfinta, a murɗa giris da yamma.

Kowane mako: a leƙa gindin jirgi, a gwada pampo, a share magudanu, a duba igiyoyin ɗauri, a gwada na'urar iska mai guba.

Kafin hunturu: a share bututun hayaƙi, a cika tankin mai. In za a bar jirgi ba kowa, a tsiyaye ruwan bututu, domin ruwa in ya daskare yana kumbura ya fasa su.

Kowace shekara: juyen mai, wanke tankin ruwa, sabunta izni da inshora.

Kowace shekara 2 ko 3: a fitar da jirgi, a shafa kwalta, a duba ƙarfen fansa.

Kowace shekara 4: takardar shaidar lafiya.

KAFIN A BIYA KUƊI

Wanda zai sayi tsohon jirgi, masana suna ba shi shawara guda: kada fenti ya ruɗe shi. Ya biya a fitar da jirgin daga ruwa, ya kira mai awo ya gwada kaurin ƙarfen da na'ura, wuri wuri. In ƙarfe ya sirance ya gaza milimetir 4, kamfanonin inshora da yawa ba za su yarda da shi ba sai an liƙa masa sabon ƙarfe, kuma wannan aiki yana cin kuɗi masu yawa. Ya kuma tambayi mai sayarwa ranar da aka shafa kwalta ta ƙarshe, da ranar juyen mai na ƙarshe, ya ga takardun da idonsa. Fili yakan ƙara daraja ko mai shi yana barci. Jirgi kuwa darajarsa tana hannun mai riƙonsa. Akwai jiragen ɗaukar kaya da aka ƙera tun kafin 1940 da har yanzu suke tafiya bisa kanal. Ƙarfensu bai fi na sauran tsoron tsatsa ba. Abin da suka samu shi ne masu riƙo, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ba su bar ɗigon yau ya kwana ba.